Helioviewer, shafin kallon fashewar rana kyauta: ya cancanci datar da yake ci?

Jama'a akwai wani shafi da nake yawan tura wa ɗaliban fiziks ɗinmu, sunansa Helioviewer, kuma tunda tambaya ta yi yawa a kan ko ya cancanci datar da yake ci, bari kawai in rubuta ra'ayina wuri ɗaya kowa ya karanta. Ya cancanta. Amma fa sai ka san abin da ka shiga nema, in ba haka ba kala kawai za ka sha kallo ka fito ba ka ƙaru da komai ba.

Shafin na hukumar NASA ta Amurka ne da ESA ta Turai, kyauta ne, ba rajista ba biyan kuɗi ba talla, da ka buɗe burauza rana ce za ta fito maka ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo. Hotunan daga taurarin ɗan adam suke zuwa, babba a cikinsu shi ne SDO da aka harba a Fabrairun 2010, kyamararsa AIA na ɗaukar rana kowace daƙiƙa 12, sai tsohon soja SOHO da yake aiki tun Disambar 1995, da STEREO na 2006 da wasu. Kai ne za ka rubuta ranar wata da lokacin da kake so, ka zaɓi kyamara, ka ɗora hoto kan hoto, ka zuƙo, in ka ga dama ka ce ya haɗa maka bidiyo ka sauke. Lokacin da yake nunawa UTC ne, wato agogon Najeriya da Nijar na gaba da shi da awa ɗaya, ku riƙe wannan don shi ne abu na farko da yake rikita sabon shiga.

Abin da ya kai ni shafin tun farko shi ne maganar sake ƙulluwar layukan maganaɗisu, abin da a ajin filasma ake ce wa rikonekshan. Sararin da ke saman rana cike yake da iskar da zafi ya raba ta zuwa ilektiron da ayon, ita ce filasma, kuma a cikin irin wannan iskar layukan maganaɗisu manne suke da ita, inda ta je nan suke zuwa. Ƙasan rana kuwa kullum tafasa yake yana murɗa waɗannan layukan, ƙarfi yana ta taruwa kwana da kwanaki. In layukan da suka ba juna baya, wannan ya nufi sama wancan ya nufi ƙasa, suka matsu a siririn wuri ɗaya, sai su tsinke su ƙulla da na ɗaya ɓangaren, sababbin layukan su fizge kamar danƙon harbin tsuntsu da aka ja aka saki, su watso filasma sama da ƙasa. Wannan fizgewar ita ce fashewar rana. Babba a cikinta tana iya sakin ƙarfin da ya kai jul 10 da sifili 24 a bayansa, cikin mintuna.

To kalmar "cikin mintuna" ɗin nan ita ce duk rigimar, kuma nan ne shafin ya fi kowane littafi da na taɓa koyarwa da shi. Ka rubuta 6 ga Satumba 2017, ƙarfe 11:45, ka zaɓi AIA lamba 131 (lambar na nufin irin hasken da kyamarar ke tacewa), wadda take nuna filasmar da zafinta ya kai wajen digiri miliyan 10, ka sa matakin lokaci ya zama minti ɗaya ka dinga danna gaba. Ƙasa-ƙasa ta hannun dama akwai yankin da aka ba lamba 12673. Wajen 11:53 ya fara haske, 12:02 ya kai ƙololuwa, fashewar da aka sanar a matsayin X9.3 (X shi ne ajin fashewa mafi ƙarfi), mafi girma a wancan zagayen rana na wajen shekara 11. Minti tara. Da yatsanka ka ƙirga su, ba wani ne ya ba ka labari ba, gani ya kori ji.

Yanzu ɗauko biro mu gwada da abin da lissafin farko ya ce. A shekarun 1950 Peter Sweet da Eugene Parker, shi dai Parker ɗin da aka sa wa kumbon da aka harba zuwa rana a 2018 sunansa, suka fitar da bayanin farko mai lissafi. Suka ce wurin da layukan ke haɗuwa dogo ne siriri, duk filasmar da ta shigo ta gefe dole ta fita ta bakin nan guda biyu masu ƙunci, saboda haka shigar ba za ta yi sauri ba. Akwai wata lamba da ake kira lambar Lundquist, tana gaya maka yadda filasma ke barin lantarki ya wuce ba turjiya, a saman rana tana kai tiriliyan ɗaya ko fiye. Ɗauki yanki mai tsawon kilomita 10,000, gudun Alfven kuma, wato saurin da girgiza ke bin layukan maganaɗisu cikin filasma, wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa, ka ga tsallaka yankin daƙiƙa 10 ne. In turjiya kaɗai za a jira ta narkar da maganaɗisun, daƙiƙa 10 sau tiriliyan, sama da shekara 300,000 ke nan. Sweet da Parker sun rage shi sosai, don a wajensu tushen lambar ake ɗauka, miliyan ɗaya, sai ya zama daƙiƙa miliyan 10, kusan wata huɗu. Ci gaba ne babba wallahi, daga shekara dubu ɗari uku zuwa wata huɗu, amma kai yanzu ka gama kallon abin ya faru cikin minti tara. Duk ɗalibin da na sa ya yi wannan lissafin bayan ya kalli hotunan ba na sake wahalar yi masa bayanin me ya sa ake cewa "mai sauri", da kansa yake tambaya to me ya hanzarta shi.

Harry Petschek a 1964 ya ce ai wurin haɗuwar ba dogo ba ne, ɗan guntu ne, bakinsa a buɗe kamar harafin X, shi ya sa ake samun hanyar fita mai faɗi. Lissafin ya ba da saurin da ake so, sai dai da aka zo gwada shi a kwamfuta, musamman aikin Dieter Biskamp na 1986, in turjiyar iri ɗaya ce ko'ina sai X ɗin ya miƙe ya koma dogon siririn Sweet da Parker. Aka koma gidan jiya.

Ranar da ta fi kowace daɗin kallo a shafin, a ganina, ita ce 10 ga Satumba 2017. Yankin nan 12673 ya juya ya kai bakin rana ta dama, saboda haka daga gefe kake kallon fashewar ba daga sama ba. An sanar da ita X8.2, ta kai ƙololuwa wajen 16:06. Ka zuƙo bakin dama a 131 ko 193, za ka ga wani ƙunshi ya kumbura ya tsere waje, a bayansa ya bar wani dogon zare mai haske miƙe sambal daga saman madaukan da ke ci da wuta, su kuma madaukan suna ta ƙara tsayi awa bayan awa don sabon ƙulli kullum sama da na baya yake faruwa. Zanen da ke littafin filasma ne sak, amma na gaske. In ka ɗora LASCO na SOHO a kai, kyamarar da take rufe fuskar rana don a ga kewayenta, sai ka bi ƙunshin har ya fice. Ɗora hoto kan hoto ɗin nan shi ne abin da na fi yaba wa shafin da shi, akwai ɗan maɓallin da kake ja ka rage kaurin hoton sama har na ƙasa ya bayyana. Gwada sa hoton maganaɗisu na HMI, wata kyamarar SDO, a ƙasa, mai fari da baƙi, fari layukan da suka nufo mu baƙi waɗanda suka koma ciki, ka ɗora AIA lamba 1600 a kai a fashewar 6 ga wata, za ka ga haske ya fito ta ɓangarori biyu na iyakar fari da baƙi. Waɗannan su ne ƙafafun layukan da suka sake ƙulluwa, kuma daga saurin da suke nesanta da juna masana ke auna saurin rikonekshan ɗin kansa. Akwai kuma ɗan hoton duniyarmu da yake sa maka a gefe don kwatanta girma, yara na son wannan sosai.

Amma ga inda nake so mu fahimci juna, don nan mutane ke zarce gona da iri. Shafin ba zai nuna maka wurin da layukan ke tsinkewa ba. Ba laifinsa ba ne, babu kyamarar da ta isa. Fiksel ɗaya na AIA ya rufe wajen kilomita 435 a jikin rana, shi kuwa wurin da ayon ke sakin maganaɗisu a can faɗinsa mitoci ne kawai, na ilektiron ma bai kai haka ba. Wancan zaren mai haske da ka gani ranar 10 ga wata kaurinsa dubban kilomita ne, filasma mai zafi ce da ta lulluɓe wurin, ba wurin ba ne shi kansa. Wani abin dariya kuma, in fashewa ta yi ƙarfi za ka ga wani katon X mai ɗigo-ɗigo ya fito daga tsakiyar hasken, na sha ganin an yanko shi an watsa a Facebook wai ga X ɗin rikonekshan. A'a. Ragar ƙarfen da ke riƙe da matatar kyamarar ce take tarwatsa hasken, shi kuma farin da ke malala a tsakiya cikar da fiksel suka yi ne. Kalolin ma duk shafa su aka yi, ruwan gwal na 171 da ja na 304, hasken nan ido ba ya ganinsa sam. Shafin bai cika tsayawa yi maka bayanin irin waɗannan ba, ya ɗauka ka riga ka sani, kuma a wajena wannan ne babban rauninsa ga mai koyo.

Amsar me ya hanzarta abin ba daga hoton rana aka samo ta ba, daga ɗakin gwaji da kuma kewayen duniyarmu aka samo. A Princeton akwai na'urar MRX da Masaaki Yamada da abokan aikinsa suka fara aiki da ita a 1995, suna ƙera filasma su tilasta wa layuka su haɗu, su cusa ma'aunai ciki kai tsaye. Sun ga in filasmar na da yawan karo da juna, wurin haɗuwar dogo ne siriri irin na Sweet da Parker. In karon ya ragu sai bakin ya buɗe, sauri ya ƙaru. Dalili shi ne furoton ya fi ilektiron nauyi sau 1,836, saboda haka da an matso kusa ayon ne ke fara sakin layin, ilektiron su ci gaba da riƙo har sai can ciki sosai, wannan rabuwar tasu ita ke haifar da wani lantarki da ake kira na Hall mai buɗe bakin. Tsarin maganaɗisu mai kusurwa huɗu da lissafi ya ce za a gani in haka ne, an auna shi a MRX a 2005. Kafin nan a 2001 ƙungiyoyi da dama sun gwada matsala iri ɗaya da manhajoji daban-daban, duk wadda ta sa Hall a ciki ta ba da sauri wajen 0.1 na gudun Alfven. Mayar da shi lissafinmu na ɗazu, daƙiƙa 10 raba da 0.1, daƙiƙa 100. To yanzu ka zo unguwar minti tara.

Saura tambaya ɗaya, ta yaya yanki mai kilomita 10,000 zai sirance har ya kai mitoci? Nan maganar filasmoyid ta shigo. Loureiro da Schekochihin da Cowley sun nuna a 2007 cewa in lambar Lundquist ta yi girma dogon siririn nan ba ya iya zama lafiya, yayyagewa yake ya zama jerin ƙulle-ƙulle, su ne filasmoyid ɗin, gwajin kwamfuta kuma ya sa iyakar a wajen 10,000, tsakanin kowane biyu akwai ƙaramin siriri, shi ma ya sake yagewa, haka haka har a kai ƙasa. Ko ba Hall wannan kaɗai na ba da sauri wajen 0.01. Sabuwar na'urar Princeton mai suna FLARE don wannan aka gina ta, ta fi MRX girma yadda za a samu wuraren tsinkewa da yawa lokaci guda. Su ma masu na'urar tokamak, masu neman wutar lantarki daga haɗa ƙwayoyin zarra, ciwon kansu ne tun 1974 da aka fara ganin zafin tsakiyar filasma yana hawa a hankali ya faɗo farat ɗaya.

Sai MMS, taurari huɗu da NASA ta harba a Maris 2015 suna tafiya tare cikin siffar dala, wani lokaci tazararsu ba ta kai kilomita 10 ba, suna auna ilektiron kowace daƙiƙa 0.03. Ranar 16 ga Oktoba 2015 suka ratsa ta cikin ainihin wurin da ilektiron ke sakin layi, a goshin maganaɗisun duniya ta ɓangaren rana, 11 ga Yuli 2017 kuma suka sake samu ta ɓangaren wutsiya. Ba za ka ga ko ɗaya daga cikin wannan a Helioviewer ba, shi rana ce sana'arsa. Bayanan MMS a buɗe suke ga kowa a ma'ajiyarsu da ke Jami'ar Colorado, amma zane-zanen layi ne zalla, ba abin da za ka nuna wa ɗan sakandare ya ce kai.

Maganar amfani na yau da kullum kuwa, a laftof ya fi daɗi nesa ba kusa ba, a waya allon ya yi ƙanƙanta ga yawan maɓallan, kuma komai da Turanci yake. Data yana ci daidai yadda ka sake masa. Kallon hoto ɗai-ɗai ba wani abu ba ne, bidiyo ne mai cinye kuɗi, dabarar ita ce ka zuƙo yankin da kake so tukuna ka zaɓi awa biyu ko uku maimakon yini guda. Haɗa bidiyon a can wajensu ake yi, sai ka ɗan jira, ni nakan bari sai dare lokacin da layin kamfanin wayata ya daina wasa da hankalina. Bidiyon fashewa yakan yi ƙyafta-ƙyafta, ba lalacewa ya yi ba, kyamarar ce ke rage lokacin buɗe ido da kanta in haske ya yi yawa. Wani lokaci kuma za ka tarar da rabin rana ya yi baƙi ko babu hoto sam, sau biyu a shekara duniya kan shiga tsakanin SDO da rana na ɗan lokaci kowace rana har tsawon makonni. A ƙarshen Nuwamban 2024 ma bututun ruwa ya fashe a ɗakin kwamfutocin Stanford da ke sarrafa bayanan SDO, abin ya taɓa samun hotuna na wani lokaci.

Masu shirin furojet su ji wannan da kyau: hotunan shafin matsattsu ne don su yi sauƙin buɗewa, na kallo ne da neman ranar da abu ya faru, ba na auna haske ba. In lamba kake so ka sa a rubutunka sai ka sauko da ainihin fayilolin FITS, wato bayanan asali da ba a matse ba. Akwai ƙaninsa JHelioviewer da ake sa wa kwamfuta, yana juya rana ta kowane gefe har ya zana maka layukan maganaɗisu, kyau kam ba magana, sai dai layukan nan lissafi ne da aka yi bisa ɗaukar cewa babu lantarki a saman rana, alhali lantarkin shi ne ma'ajiyar ƙarfin da ke fashewa. Wato murɗewar da kake nema ita ce ainihin abin da zanen ya cire.

Wani zai ce mu ina ruwanmu. Fashewar 6 ga Satumba ɗin nan ƙarfe 1:02 na rana ta kama a agogonmu, rana na bisa Afirka, haskenta mai ƙarfi ya iso cikin minti takwas ya cika ƙasan ayonosfiya, sashen iskar can sama da ke dawo da igiyoyin rediyo, da ilektiron, su kuma suka shanye igiyoyin gajeren zango. Haka aka sake yi 3 ga Oktoba 2024 da X9.0, ƙarfe 12:18 UTC, Afirka da kudancin Atlantika ne suka kwashi kashinsu. Dattijon da rediyonsa ta ɗauke ɗif da tsakar rana a irin wannan lokacin yana ta murɗa eriya yana zagin batir, ba batir ba ne. Sannan in ƙunshin da aka watso ya iso bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma maganaɗisunsa ya fuskanci kudu, sai ya ƙulla da na duniya, rikonekshan na biyu ke nan wanda James Dungey ya bayyana a 1961. Shi ya kashe wutar Quebec ta Kanada awa tara a 13 ga Maris 1989, shi ya kawo guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024 da aka ga hasken sama har a Meziko. Ku buɗe yankin 13664 a HMI wajen 8 ga Mayun, ku ga yadda fari da baƙi suka cakuɗe, ko ba ka karanta fiziks ba ka san wurin nan ba lafiya. Sai dai shafin ba na gargaɗi ba ne, ba zai buga maka ƙararrawa ba, mai son hasashe ya nufi cibiyar NOAA, hukumar yanayi ta Amurka, da ke Boulder.

In maki ake so na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe ne saboda rashin bayani ga sabon shiga. Malaman fiziks na sakandare da na jami'a ku haɗa bidiyon 6 da 10 ga Satumba 2017 sau ɗaya ku ajiye a filashi, kun huta da sayen data kowace shekara. Kuma don Allah a ja wa yara kunne, kallon a allo ne kawai, kar wani ya fita tsakar gida ya ɗaga ido ko ya saita madubin hangen nesa wai zai ga yankin 12673, makanta ake yi.